Kama da wane ba wane ba ne: hirar bakin keke a Dole Kaina

Duk ɗalibin da ya taɓa komawa gida hutu ya san wannan: kafin ka ajiye jaka an fara rarraba ka. Wannan ta ce hancin na babanka ne, waccan ta ce tafiyar ta kawunka ce, kaka kuma ta ce duk su yi shiru, kai dai kakanka ne sak, har yadda kake tari. Yawanci dariya ake yi a wuce wurin. Amma akwai ranar da irin wannan magana take da tsada. Na ga hakan da idona a hutun da ya wuce, a gidan goggona da ke Dole Kaina, inda zancen kama ya kusa cinye turmin atamfa guda, ya kuma sa wata ɗaliba kuka.

Tef ɗaya, fuska biyu

Ga wanda bai san wurin ba, Dole Kaina gari ne a jihar Kebbi, a bakin kogin Kwara, daidai inda kogin yake shigowa Najeriya. A tsallaken ruwa akwai Lolo ta ƙaramar hukumar Bagudo, wadda ke kan iyaka da Jamhuriyar Benin. Ita kuwa Jamhuriyar Nijar da ƙafa ma ana shiga. In ka bi kogin ka yi sama, za ka tarar da Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin suna kallon juna. Noman shinkafa da su da fatauci ke riƙe da mutanen yankin. A kasuwa za ka ji Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci, ana ciniki da naira, ana yi da sefa. Aure ma haka yake ƙetare iyaka, shi ya sa gida ɗaya sai ka samu dangi a ƙasa uku.

Goggo ba ta da shago. Kekenta ƙirar Butterfly ne, irin baƙin nan na ƙafa da ake yi a ƙasar Sin, yana ƙarƙashin rumfar tsakar gida. A nan take ɗinka wa 'yan gida da maƙwabta riga da zani da siket da hijabi da kayan makaranta. Kusa da ita faccalarta ke zama, wadda muke kira Inna. Daga Gaya aka auro ta, can ta koyi ɗinki, don haka ita da santimita take awo, Goggo kuwa da inci. Tef ɗinsu ɗaya ne, kowa da fuskar da take karantawa. Ta ukunsu ita ce Iya, surukarsu, wadda ido ya hana ta zura zare a allura, amma bai hana ta hango kuskuren kowa ba.

Sai taubashiyata, 'yar Goggo, mai shekara 15, da ke aji ɗaya a babbar sakandaren kwana. Sunan Iya aka sa mata, kuma tunda ba mai iya kama sunan tsohuwa a gidan, laƙabin da Iya ta ba ta shi ya bi ta. Kowa Takwara yake ce mata.

Ana shirin biki a dangi, an fitar da anko. Takwara ta aiko da kuɗin adashin da ta yi zangon karatu guda tana zubawa da 'yan ajinsu, aka sayo mata turmi ɗaya. Turmi yadi shida ne, kusan mita biyar da rabi. Inna takan ce masa zane uku, domin a wajensu da zane ake ƙirga atamfa, kowane zane yadi biyu. Mutanen bakin iyaka sun san yadda tufa ke tsada idan hanya ta toshe. Sun gani lokacin da aka rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sun sake gani da aka rufe ta Nijar a 2023. Turmi ɗaya ba abin wasa ba ne, balle ga 'yar makaranta.

Biki saura kwana huɗu, ɗinki ya yi wa Goggo yawa, Takwara ba ta iso ba. Sai ga Auta, ƙanwar mahaifin Takwara da ke aure a Lolo, ta zo an auna ta. Duk garin an san Takwara da Auta kamar an tsaga kara. Ko bara da Sallah rigar Auta Takwara ta ara, ta kuwa zauna mata ɗas. Goggo ta shimfiɗa atamfa biyu, ɗaya bisa ɗaya, ta yanka su da awo guda.

Kafaɗar wa ce?

Ranar da Takwara ta iso, ko abinci ba ta tsaya ci ba ta zura rigar. Hannu ya ƙi ɗaguwa. Kafaɗa ta matse, hannun riga kuma ya tsaya can sama da inda ya kamata.

Goggo ta dubi faccalarta. "Amarya, ko dai ke kinka rubuta min awon ga da lissafinku na Faransa?"

"A'a Yaya, ban taɓa littafinki ba. In da santimita ce, ai sai dai a sa wa 'yar tsana."

Gaskiyar Inna ce. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, saboda haka da a nan aka yi kuskure, da rigar ko rabin girmanta ba ta kai ba. Aka ɗauko tef aka gwada. Kafaɗar Auta a littafi inci 14 ce. Ta Takwara 15 da rabi.

"Talatin da tara da 'yan kai," in ji Inna, tana leƙen bayan tef.

Iya ta gyara zama a tabarma. "Ku bar wahal da tef. Wagga kafaɗa na san ta, ta Malam ce. Shekara arba'in yana tuƙin jirgi tsakanin nan da Lolo, shi ya buɗe mishi kafaɗa. Ga shi ya bar wa jikanya."

"To dogon hannun fa, Iya?" in ji Inna.

"Wanga namu ne," Goggo ta karɓe, tana nuna ni da almakashi. "Dubi taubashiyarta. Tun tana yarinya sai na ƙara mata inci ɗaya a hannu. Haka babanta, haka ni."

Na ce wa Takwara ashe ita haɗe-haɗe ce, kamar shimfiɗar da ake yi da ƙyallayen tela. Ta ce in bari ta fita daga rigar tukuna, za ta nuna mini amfanin dogon hannu. Aka yi dariya.

Goggo ta jawo littafin awonta, wani tsohon littafin rubutu na makaranta da bangonsa ya fita. A ciki akwai awon kusan kowace mace a dangin, shekara da shekaru: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu, tsawon riga, tsawon siket. Tana buɗawa tana bayani. 'Ya'yan gidan Iya duk gajeren wuya gare su, sai an rage musu wuyan riga. 'Ya'yan Inna dogaye ne daga ƙugu zuwa ƙasa, siket ɗinsu na cin atamfa. Amma ko cikin waɗanda suke ciki ɗaya, ban ga biyu da layinsu ya zo ɗaya daga farko har ƙarshe ba.

Abin da ke cikin jini

Abin da littafin Goggo ya nuna shi ne abin da kuke karantawa a darasin ilimin halittu. An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu siraran abubuwa masu kama da zare guda 46, ana kiransu kuromosom. Guda 23 daga uwa suke, 23 daga uba. A jikinsu ƙwayoyin gado suke, kimanin 20,000, waɗanda ke tsara launin fata da siffar hanci da tsawon ƙashi da sauransu.

Kowane mahaifi rabin abin da yake da shi yake ba ɗa, kuma rabin da ya ba wannan daban yake da wanda ya ba wancan. Ku gwada wannan lissafi: biyu sau biyu sau biyu, har sau 23. Amsar ita ce 8,388,608. Yawan hanyoyin da uwa ɗaya za ta iya haɗa kuromosom 23 ɗin da za ta bayar ke nan, haka ma uba. Shi ya sa wa da ƙane ba sa zama mutum ɗaya, in ban da tagwayen da suka fito daga ƙwai guda.

A matsakaicin lissafi, 'yan uwa da suke uwa ɗaya uba ɗaya suna tarayya a rabin gadonsu. Kaka da jika, kashi ɗaya cikin huɗu. Goggo da 'yar ɗan'uwanta, kashi ɗaya cikin huɗu. Taubasai, kashi ɗaya cikin takwas. A gidajen da ake yawan auren zumunci kason yakan fi haka. Ke nan abin da ya haɗa Takwara da Auta ta wannan hanya bai fi abin da ya haɗa ta da Iya ko marigayi Malam ba. An dai dace ne cewa nasu ya fito a fuska, inda ido ke fara sauka. Mai kallo fuska yake gani, tela kuwa da kafaɗa yake aiki.

To maganar Iya fa? Ta faɗi rabin gaskiya. Faɗin ƙashin kafaɗa ana gadonsa, kuma ba mamaki daga Malam ya biyo. Amma naman da tuƙin jirgi ya gina masa, ya tafi da abinsa. Abin da aiki ko rauni ko ado ya yi wa jiki ba ya wucewa zuwa ga ɗa. Ku duba hudar kunne: kaka ta huda, uwa ta huda, amma duk jaririyar da aka haifa sai an huda mata nata.

Akwai kuma abin da Goggo ta manta saboda gaggawa, wato shekaru. Auta ta gama girma tuni, Takwara kuwa tana kai. Rigar da ta zauna mata bara, ta bara ce. Tsawo da faɗin jiki suna bin gado ƙwarai, har masana sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na bambancin tsawo tsakanin mutane daga nan yake. Sauran kuwa abinci ne da lafiya, musamman a ƙuruciya. Kuma tsawo ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da shi ba. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya duba bayanan mutum fiye da miliyan 5, ya gano wurare sama da 12,000 a cikin gadon ɗan Adam da ke da alaƙa da tsawo kaɗai.

Zaren sama da zaren ƙasa

Inna ta kawo wata tambayar. Ya aka yi mahaifin Takwara, wanda shi ne ɗan Malam na cikinsa, bai da wannan kafaɗa, sai 'yarsa?

Goggo tana sa kwarkwaro a keke ta amsa ba ta ɗago ba. "Ai keke da zare biyu yake ɗinki, Amarya. Na sama kowa na gani. Na ƙasa sai an juya riga."

Haka keken yake aiki kuwa. Allura tana kai zaren sama ƙasa, ya sarƙe da na kwarkwaro a tsakiyar tufa. A kan wannan dabara Elias Howe ya yi rajistar kekensa a Amurka a 1846, Isaac Singer kuma ya fito da nasa a 1851. A daidai wannan zamani wani malamin coci mai suna Gregor Mendel, a garin Brno da ke Jamhuriyar Cek a yau, ya fara gwajin da ya amsa tambayar Inna. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta shuka wani nau'in wake na ƙasarsu yana haɗa iri da iri. Da ya haɗa mai dogon kara da mai gajere, 'ya'yan da suka fito duk dogaye ne, kamar gajarta ta ɓace. Da ya shuka jikokin, sai ga 787 dogaye, 277 gajeru, wato kusan uku da ɗaya. Ashe gajartar tana nan a ɓoye, ta tsallake 'ya'ya ta fito a jikoki. Ya wallafa sakamakonsa a 1866, amma sai a 1900 duniya ta waiwaye shi.

Lamarin mutum ya fi na wake sarƙaƙiya, amma darasin ɗaya ne: kowa na ɗauke da abin da ba a gani a jikinsa, kuma yana iya miƙa shi gaba. Malamanmu na Islamiyya sukan kawo wani hadisi da ke cikin Bukhari da Muslim, na mutumin da ya zo wa Manzon Allah (SAW) yana shakkar ɗansa saboda launin yaron ya saɓa da nasa. Aka tambaye shi ko a cikin jajayen raƙumansa akwai mai ruwan toka. Ya amsa akwai, ya kuma ce ƙila daga kakanni ya ɗauko. Aka nuna masa cewa ɗan nasa ma haka ne. Don haka duk wanda ake tsokana a aji cewa bai yi kama da kowa a gidansu ba, ya kwantar da hankalinsa.

Wannan ɓoyayyen gado shi ne kuma dalilin gwajin jini kafin aure. Mai rukunin AS lafiyarsa lau, ba abin da fuskarsa za ta nuna. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato cutar sikila. Kyau ne ɗalibi ya san rukuninsa tun yanzu.

Abin da ya sa ta kuka

Ana cikin wannan hira wata maƙwabciya ta shigo karɓar hijabinta. Ta ji zancen, ta sa baki.

"Ai ba fuska kaɗai ba, hali ma ɗaya ne. Auta aji biyu ta kai ta ce boko ya ishe ta. Wagga ma kwana nawa ne?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, ta karɓi hijabinta ta tafi. Takwara ta tashi ta shige ɗaki. Da na bi ta, na tarar ta cire rigar ta jefa a gado tana kuka. Na ɗauka kuɗin adashinta take yi wa, na ce za a gyara. Ta ce ba riga ba ce.

Tun tana firamare take jin wannan magana. Zangon da ya wuce lissafi ya kayar da ita, kuma tun ranar da ta ga sakamakon take tunanin ko gaskiya ne, a jini abin yake. Abin da ya fi damunta shi ne babanta. Kuɗin makarantar kwana da na mota da na littattafai duk daga shinkafa suke fitowa, ga kuɗin jarrabawar ƙarshe na jira a gaba. In ya yi ta jin ana cewa ƙarshenta irin na Auta ne, wata rana zai ga asara yake yi.

Na fito na faɗa wa Goggo a hankali, ashe Iya na ji. Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ɗaga murya.

"Takwara, fito nan ki ji."

Ta fito ta durƙusa.

"Auta ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba. Shekarar da ruwa ya ci shinkafa, ita ce shekarar da munka rasa Malam. Wa za shi biya? Ni na ce ta zauna gida. Ta yi kuka ya fi naki. In da abin da kinka gada wurinta, son karatun ne."

Ambaliyar 2012 Iya take nufi, wadda ta yi ɓarna a garuruwa da yawa na bakin Kwara. Takwara tana ƙarama a lokacin, kuma ba wanda ya taɓa ba ta wannan labari. Labarin da ya yaɗu a unguwa shi ne mai sauƙin faɗa.

Goggo ta ƙara da nata. Ta ce mutane na cewa ɗinki a jininta yake, alhali mahaifiyarta ba ta taɓa taka keke ba. Ita wata uku ta yi tana bin layi a kan takardar buhun siminti, allura ba zare, kafin uwar ɗakinta ta yarda ta ba ta ƙyalle. Rigar farko da ta yanka, hannu biyu na gefe ɗaya ta fitar. A Hausa kalma ɗaya muke amfani da ita, gado, ga abin da jini ya kawo da abin da aka koya a gida da abin da hali na rayuwa ya jawo. Kafaɗa tana cikin na farko. Ɗinki yana cikin na biyu. Barin makarantar Auta yana cikin na uku, kuma ba kuromosom ɗin da ke ɗauke da shi.

Inci uku da rabi

Saura gyaran riga. Goggo takan bar rarar inci ɗaya a ɗinkin gefe saboda yara masu girma, amma sakin gefe ba ya faɗaɗa kafaɗa. Inna ce ta kawo shawara: a tsaga rigar a tsakiya, gaba da baya, a sa doguwar tsiri ta yadi marar zane mai launin da ya dace da atamfar, a kuma kewaye bakin hannu da shi don ya ƙara tsawo. Ta ce telolin Gaya sukan yi haka da gangan don ado.

Goggo ta tambaya, faɗin tsirin nawa za a yanka?

Na yi caraf na ce inci biyu da rabi: ɗaya da rabi da ake nema, da rabi-rabi na ɗinki a gefe biyu.

Takwara, da ido jawur, ta ce bai isa ba. In an tsaga rigar, ita ma kowane ɓari zai ba da rabin inci ya shige cikin ɗinki, an rasa inci ɗaya ke nan. Don haka abin da zai fito fili dole ya kai biyu da rabi, a ƙara ɗaya na ɗinkin tsirin kansa, uku da rabi. Ta juya ga Inna ta ce kusan santimita tara.

Goggo ta miƙa mata alli. "To zana. Taubashiyarki ta so ta sa mu farke sau biyu."

Iya ta ce, "Wagga ce anka ce lissafi ya kayar?" Ta kuma ce zancen makaranta a bar mata, ita za ta yi magana da ɗanta.

Kafin magariba an farke, an tsaga, an haɗa. Da Goggo ta gama, ta buɗe sabon shafi a littafin awo, ta rubuta sunan Takwara na yanka a sama, da kwanan wata, ta auna ta daga kafaɗa har idon sawu. Ta ce daga yau ko tagwaye aka kawo mata, sai ta auna kowa.

Gwada a gida

Ku ari tef a wurin mai ɗinki a gidanku ko unguwarku, ku yi waɗannan.

Na farko, ku auna tsawon mahaifi da mahaifiya da santimita, bayan kun nemi izini. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya tsaya ba takalmi ya jingina da bango, a yi alama da alli, a auna daga ƙasa. Likitocin yara suna da wani ƙiyasi: a haɗa tsawon uba da na uwa, a ƙara 13 in namiji ne, a cire 13 in mace ce, sannan a raba biyu. Misali, uba 172, uwa 160: ɗa namiji 172.5, 'ya mace 159.5. Ƙiyasi ne kawai, mutum yakan ɗara ko ya gaza da santimita takwas ko fiye. Ku gwada shi a kan yayyenku da suka gama girma ku ga yadda ya kusa.

Na biyu, ku auna kafaɗa da tsawon hannu na mutum biyu da ake cewa sun fi kowa kama a gidanku. Ku rubuta da inci, ku mayar santimita ta hanyar ninkawa da 2.54.

Na uku, ku zana bishiyar dangi daga kakanni zuwa kanku, ku yi alama a kan masu wushirya, da masu lotsawar kumatu, da bahagwai. Ku nemi abin da ya tsallake 'ya'ya ya fito a jikoki. Kada ku yanke wa kowa hukunci da abin da kuka gani, domin waɗannan siffofi ba sa bin ƙa'ida ɗaya tak.

Na huɗu, in akwai wanda ake yawan kwatanta ku da shi, ku je ku zauna da shi ko da wanda ya san shi sosai, ku nemi ainihin labarinsa. Ku rubuto mana abin da kuka samu, za mu buga waɗanda suka fi tsari.

Ranar biki Auta ta ƙetaro daga Lolo a jirgi, suka tsaya ita da Takwara a ɗauke su hoto. Mata suka sake cewa kamar an tsaga kara, kuma gaskiya suka faɗa. Rigunan dai sun bambanta, har mutum biyu sun tambayi Goggo irin ta Takwara. Da hutu ya ƙare, babanta ne da kansa ya raka ta tasha, da akwatinta da sabon littafin lissafi da Auta ta saya mata.